Mai Ciwon Suga Da Zuciyarsa



'Yan'uwa, darasinmu na yau a kan lafiyar jiki ne, a kan cutar da yanzu da wuya ka ratsa unguwa a Ƙofar Durɓi, ko Ƙofar Marusa, ko Ƙofar Sauri, ka fita ba ka wuce gidan mai fama da ita ba, wato ciwon suga.

Kowa ya san abin da ake yi a gidajenmu ranar da maigida ya dawo daga asibiti ya ce an auna shi an ga suga. Uwargida za ta ɗauke gwangwanin suga daga tiren shayi, a aiki yaro kasuwa ya auno alkama, a sayo zuma, 'yan dubiya su yi ta zuwa kowa da sunan ganyen da za a jiƙa. Shi ke nan, an ɗauka an gama. Bayan shekara biyar ko bakwai sai a ji Alhaji ya faɗi a banɗaki ɓarin jiki ya shanye, ko ya dafe ƙirji bayan la'asar, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. A wurin gaisuwa sai ka ji ana cewa, "Ai ba sugan ba ne, ya daɗe da barin shan suga."

To sugan ne. Akasarin masu wannan ciwo ta hanyar zuciya da jijiyoyin jini yake kayar da su. Mai ciwon suga ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau biyu wajen haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka duk wanda aka ce yana da suga, ya sani tun daga ranar cewa zuciyarsa aka ba shi tsaro, kuma cire suga daga shayi ɗan ƙaramin yanki ne na aikin.

Mu fara da yadda abin yake a cikin jiki, don wanda ya gane dalili ya fi riƙe doka. Duk abincin da ke da sitaci, tuwon masara ne, na dawa, na gero, shinkafa, taliya, biredi, rogo, dankali, doya, in ya isa hanji narkewa yake ya koma suga ya shiga jini. Tuwo ba shi da zaƙi a baki, amma a jini suga ne. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin, shi kuma insulin shi ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka a yi aiki da shi. A nau'in ciwon na farko, wanda ya fi kama yara da matasa, jiki ne ke daina yin insulin ɗin, don haka sai allura har ƙarshen rayuwa. Kafin Banting da Best su gano shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, a fara yi wa mutum allurarsa a Janairun 1922, yaron da ya kamu ba ya daɗewa. Nau'i na biyu kuwa, wanda shi ne na mutum tara cikin goma, insulin ɗin yana nan amma jiki ya daina jin maganarsa, galibi saboda kitsen ciki, da yawan zama, da gado. A kansa yawancin maganarmu za ta tsaya.

Idan suga ya yi shekaru yana yawo a jini fiye da kima, sai ya kakkarce cikin jijiyoyi. Inda ya karce, nan kitse ke maƙalewa, hanya ta yi ta ƙuntata, wata rana gudan jini ya zo ya toshe ta gaba ɗaya. Kun dai ga kwatar unguwa da damina: leda ɗaya ba ta toshe ta, tarin shekara ne, sai ran da aka yi ruwan kirki ta tumbatsa cikin gidaje. In jijiyar da ke ciyar da zuciya ce ta toshe, shi ne bugun zuciya. In ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki. In ta ƙafa ce, gyambon da ba ya warkewa har a kai ga yankewa. Ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda su ma haka suke lalacewa. Wani abin tsoron kuma, ciwon yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, don haka mai suga zai iya samun bugun zuciya ba tare da ciwon ƙirji mai tsanani ba. Sai dai haki, da zufa, da kasala, a ce gajiya ce ko gyambon ciki ne ya motsa.

Duk wannan yana faruwa mutum na ci yana sha yana zuwa kasuwa. Ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta ce manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da shi ba. Yawan fitsari da dare, ƙishirwa, rama, gani dishi-dishi, ƙaiƙayin gaba, raunin mazakuta, duk alamomi ne, amma sau da yawa kafin su bayyana ɓarna ta yi nisa. Awo ne kawai ke faɗa. In an auna da safe kafin a ci komai aka ga 7.0 ko sama, a na'urar da ke ƙirga da ɗaruruwa kuma 126, aka sake wata rana aka ga haka, to ciwon ne. Tsakanin 5.6 da 6.9 mutum yana bakin ƙofa. Akwai kuma awon da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Shi ba a yi masa wayo da ƙin cin tuwon daren jiya. Kashi 6.5 ko sama ciwo ne, kuma yawancin masu jinya ana so su tsaya ƙasa da 7. Wanda ya haura shekara 35 zuwa 40, ko yake da teɓa, ko iyayensa sun yi ciwon, ko matar da ta taɓa haifar jariri mai nauyin kilo 4 ko fiye, su je a auna su. Babban Asibitin Katsina na nan, Asibitin Koyarwa na Tarayya da muka saba kira FMC na nan, ƙananan asibitocin unguwa da yawa ma suna da na'urar.

In ka je awon suga, kada ka tashi sai an ɗaura maka abin awon jini a damtse. Hawan jini da suga tare suke tafiya, kuma in suka haɗu a jiki ɗaya kowanne ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi yake. A Birtaniya an yi wani dogon bincike da aka fitar da sakamakonsa a 1998. An ɗauki masu suga da hawan jini su 1,148 aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka matsa wa jininsu ya tsaya wajen 144 bisa 82, ɗaya kashin ya tsaya wajen 154 bisa 87. Bambancin 10 ne kacal a lambar sama. Amma waɗanda aka matsa wa, shanyewar ɓarin jiki ta ragu a cikinsu da kashi 44 cikin ɗari, mutuwa ta dalilin ciwon suga ta ragu da kashi 32. A yau likitoci na so jinin mai suga ya zauna ƙasa da 130 bisa 80 in jikinsa zai ɗauka. Ni a ganina mai suga da ya san lambar sugansa bai san ta jininsa ba, ya kulle ƙofar gida ne ya bar katanga a rushe.

Shin gyara ci da motsa jiki na yin wani abu da gaske, ko faɗar likitoci ce kawai? An gwada. A garin Da Qing na ƙasar Sin, a 1986, an ɗauki mutum 577 da ke bakin ƙofar ciwon, aka koya wa wasu gyaran abinci da motsa jiki na shekara shida. Da aka waiwaye su bayan shekara 30, waɗanda aka koya wa sun jinkirta kamuwa da kusan shekara huɗu, cututtukan zuciya da jijiya sun ragu a cikinsu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A Amurka ma a 2002 an ga cewa rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58, alhali ƙwayar magani ita kaɗai kashi 31 ta rage.

MAGANAR TUWO

Nan ne rigimar take, don haka a nan za mu ɗan zauna. Tambayar da mai suga ke yi kullum ita ce, "To mi zan ci?" Amsar da ta fi amfani ita ce nawa za ka ci.

Tuwon alkama ya yi suna a garin nan kamar shi ne maganin ciwon. Alkama hatsi ce mai sitaci kamar sauran. In an niƙa ta da dusarta ta fi fulawa, wannan gaskiya ne, amma wanda ya bar malmala biyu ta masara ya koma malmala biyu ta alkama, an gudu ba a tsira ba. Haka acca. Kuma ga tsada. Mutum ya bar gero da dawar da ake nomawa a ƙauyukanmu, ya je yana sayen abin da ya fi ƙarfin aljihunsa, wata biyu ya gaji ya watsar da komai. Gero da dawa ba su da laifi. Laifin yana wurin surfe da girman malmala. Dusar da muke surfewa mu ba awaki, ita ce ke rage saurin shigar suga cikin jini. A wanke hatsi a shanya a kai niƙa ba tare da an surfe shi fes ba. Tuwon ba zai yi hasken da amarya ke so ba, amma shi ya fi.

Awon da ya fi sauƙin riƙewa shi ne dunƙulen hannunka. Tuwo ko shinkafa ko taliya kada su wuce girman dunƙulen hannun mai ci a zama ɗaya. In ka dubi kwanonka, rabinsa ya zama ganye da kayan lambu, kwata ya zama wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse, kwata ɗin da ya rage shi ne na tuwo. Mu kuwa mun saba da akasin haka, tuwo tsibi guda, miya ta dangwale. A juya lissafin, miya ta yi yawa. Kuma a fara da ganyen kafin a taɓa tuwon.

Wani zai ce wannan cimar masu kuɗi ce. Ba haka ba ne. Kwaɗon zogale, kwaɗon rama, yakuwa, alayyahu, kuɓewa, kuka, karkashi, kabeji, gurji, yalo, gauta, wanne ne a ciki na masu kuɗi? Wake yana cikin abin da ya fi dacewa da mai suga, yana ƙosarwa kuma ba ya ɗaga suga da sauri. In za a yi garau-garau, wake ya rinjayi shinkafa. Alale ya fi ƙosai saboda ba a tsoma shi a mai ba. Ɗanwake kuwa a kula, na yanzu yawanci fulawa da garin rogo sun fi waken yawa a ciki, suna ne kawai ya rage. Dambu da zogale mai yawa ya fi dambu tsura. Gyaɗa cikin tafin hannu, awara, goba, lemon zaƙi guda ɗaya a ci da tsakinsa maimakon a matse, duk suna da kyau. Mangwaro da kankana da ayaba ba a hana ba, amma yanka kaɗan, ba a zauna gaban tire ba. Rake dai a haƙura.

Abin sha ya fi abin ci saurin ɓarna, don ba ya jiran narkewa. Ƙaramin cokali ɗaya na suga wajen giram 4 ne. Kwalbar lemo mai zaƙi ta santilita 35 galibi tana ɗauke da kusan cokali tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada sugan da yake ƙarawa ya wuce kusan cokali 12 a yini, in ya tsaya a shida ya fi. Lemon malt da muke kai wa marar lafiya dubiya a matsayin mai ƙara jini, shi ma suga ne cike da shi. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na sayarwa, kowa ya san yadda ake zuba musu suga da ludayi. Sai teburin mai shayi: kofi babba, madarar gwangwani mai zaƙi, suga cokali uku, rabin biredi, wani lokacin har da taliyar leda. Wannan karin kumallo kaɗai ya isa ya rusa aikin maganin yini guda. A sha shayin ba suga, da ƙwai da ɗan biredi yanka ɗaya. Sati biyu harshe zai saba.

Zuma fa? Zuma abu ne mai daraja, ba mai musu, amma kusan kashi 80 cikin ɗari nata suga ne, kuma jini ba ya tambayar ko daga kudan zuma ya fito ko daga rake. Dabino busasshe kusan kashi biyu cikin uku nasa suga ne. Ɗaya ko biyu ba laifi, cin cikin leda ne matsala. Hura da nono kuwa, wa zai raba Bakatsine da hura? Ba sai an rabu ba. Nono ya yi yawa, dunƙulen hura ya zama rabi, kada a sa suga, kuma a ɗauke ta a matsayin abincin wannan lokacin. Ba a cinye tuwo a kora da hura.

Akwai wahalar da likita ba ya gani daga ofishinsa, ita ce ciyayya. Mu mutane ne masu ci a kwano ɗaya, kuma cire hannu da wuri ana ganinsa kamar raini. Ga biki, ga suna, ga walima, ga Hajiyar da in ba ka cinye ba za ta ce girkinta ne bai yi ba. Mai suga ya daina ɓoye ciwonsa. Ba abin kunya ba ne. Ya faɗa wa abokan cinsa sau ɗaya, "Likita ya yanka mini iyaka," su kuma su daina cewa "ɗan ƙara mana, yau kaɗai." Uwargida kuma kada ta ware wa maigida wata tukunya kamar fursuna. Girkin da ya dace da shi ya dace da kowa a gidan, musamman 'ya'yan da suka riga suka gaji haɗarin.

GISHIRI, MAI DA TABA

Gishiri ba ya ɗaga suga, shi ya sa masu ciwon ke mantawa da shi, alhali shi ke ɗaga jini. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 ne a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. A tukunya ɗaya sai a jefa biyar, a ƙara gishiri, a kawo yaji shi ma da magi da gishiri a ciki, a barbaɗa. Tsire, kilishi, biredi, garin ɗanɗanon taliyar leda, duk gishiri ne. Kanwa ma 'yar gidansu ce, sinadarin da ke ɗaga jini a gishiri yana cikinta. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yadda yawan kunun kanwa da zafin wankan jego ke da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. A rage a hankali, a bar daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da attaruhu su yi aikin ɗanɗano.

Mai kuwa, a auna shi da cokali, a daina tuttulawa daga galan. Man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi a zubar. Kitsen nama, fatar kaza, man shanu, kayan ciki, a yi musu kaɗan-kaɗan. Taba sigari da shisha ba su da wani "kaɗan". Hayaƙi na lalata jijiyar da suga ya riga ya raunana, kuma barinsa na cikin abin da ya fi saurin rage haɗarin zuciya.

A TAKA ƘASA

Iyayenmu da ƙafa suke zuwa Ƙofar Soro, da ƙafa suke zuwa kasuwa, da ƙafa suke fita ta Ƙofar Durɓi zuwa gona. Mu yanzu ko cefane a bakin titi sai an tayar da mashin ko an tsayar da Keke Napep. Tsoka in tana aiki tana zuƙe suga daga jini, kuma tasirin yana kaiwa har gobe. Abin da ake nema minti 150 ne a mako, wato minti 30 sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda za ka iya magana amma numfashinka ya ɗan ɗaga. Ba sai an sayi kayan 'yan ƙwallo ba. Bayan asuba kafin rana ta yi zafi, ka fita daga Ƙofar Durɓi ka miƙe minti 15, ka juyo. Wanda ya daɗe bai yi ba ya fara da minti 10. Wanda ya taɓa samun ciwon ƙirji ko haki ya fara ganin likita tukuna. Tafiyar minti 10 bayan cin abinci, musamman tuwon dare, tana rage tashin suga sosai. Ci a kwanta nan take shi ne mafi muni. Ɗan kasuwa da tela da direba da ma'aikacin ofis, duk rabin awa a miƙe a ɗan zagaya.

Mata fa, waɗanda ba su cika fita ba? Tsakar gida ta isa. A zagaya ta minti 10 da safe, 10 da rana, 10 da dare, an haɗa 30. Shara, wanki, daka, duk motsa jiki ne, kuma babu dalilin da zai sa Hajiya ta bar su gaba ɗaya don ta samu 'yar aiki. Maigida ya taimaka, kada ya zama shi ne mai dariya.

Amma a kiyaye ƙafa. Mai suga ba ya tafiya ba takalmi ko a cikin gida, balle a kan siminti mai zafi a watan Afrilu, don ƙafar na iya ƙonewa bai ji ba. Kowane dare a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. A shafa mai saboda faso lokacin hunturu. A bar yankan farce da reza, kuma kada a kanga ƙafa a garwashi. Ƙurji ko ƙaramin yanka da ya kwana biyu bai kama hanyar warkewa ba, asibiti.

Teɓa kuma mu daina kiranta alamar hutu. Ka samu zare ka auna tsawonka, ka ninka shi biyu, ka zagaya cikinka ta saitin cibiya. In bai haɗu ba, akwai aiki. Rage kilo 4 ko 5 ga mai kilo 80 yana sauke suga da jini duka. A Sikotland da arewacin Ingila, binciken da aka fitar a ƙarshen 2017 ya nuna kusan rabin masu ƙiba da ciwonsu bai wuce shekara shida ba sun koma ba sa bukatar maganin suga bayan shekara ɗaya na rage nauyi ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Lafawa ce, ciwon na dawowa in nauyin ya dawo. Kuma wannan ba na siriri ba ne. Muna da masu suga da yawa da ba su da naman da za su rage, su kada su kashe kansu da yunwa.

MAGANI

Duk abin da muka faɗa ba ya maye gurbin magani. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sha ƙwaya wata biyu, ya ga awo ya yi kyau, ya ce ya warke. Awon ya yi kyau ne saboda ƙwayar. Haka maganin hawan jini. In likita ya ƙara maka na rage kitsen jini, wanda ake ba yawancin masu suga da suka kai shekara 40, ba don ya tatse ka ba ne, na tsaron zuciya ne. In aka ce sai insulin, ba alamar ƙarshe ba ce, kuma ba shi ke kashe ƙoda ba. Sugan da aka bari sama shekara da shekaru shi ke kashe ta. In kuɗi ne suka gaza, kuma mun san yadda magani ya yi tsada, faɗa wa likita ƙarara ya duba mai sauƙi. Kada ka riƙa tsallake kwana a ɓoye.

Masu zagaye kasuwa da lasifika suna cewa jarka ɗaya ta raba ka da suga har abada, ku yi hattara da su. Ba cewa ake itace ba shi da amfani ba. Metformin kansa, wanda shi ne farkon abin da ake ba mai nau'i na biyu, asalinsa daga binciken wani tsiro ne na Turai, kuma likita Jean Sterne ya fara gwada shi a kan masu ciwon a Faransa a 1957. Bambancin shi ne an auna shi, an san adadinsa, an san illarsa. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, a kan ƙodar da suga ya riga ya taɓa, kasada ce. Shuwaka a miya abinci ce mai kyau, amma ɗaci a baki ba ya goge suga a jini. Haka kuma ƙwayoyin haɗi na ciwon jiki da ake saye a kemis suna ɗaga jini suna cutar da ƙoda, su kuma ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe yawancinsu na ɗaga suga kai tsaye. 'Yan mata, wannan taku ce. Sau ɗaya a shekara kuma a duba ido, a auna fitsari da jini don ƙoda, ko ba a jin komai.

Ga mai niyyar azumin Ramadan, ya ga likitansa wata ɗaya ko biyu kafin watan ya kama, don lokacin shan magani da adadinsa na canzawa. Mai nau'i na farko, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, wanda ya samu bugun zuciya kwanan nan, da wanda sugansa ke yawan faɗuwa, galibi likitoci na hana su, kuma marar lafiya yana da rangwame sananne. Wanda aka yarje wa ya riƙa awo da rana, tsira yatsa don awo ba ya karya azumi. In ya ga ƙasa da 3.9, wato 70, ko sama da 16.6, wato 300, ya sha ruwa ko saura minti goma a kira magariba. A jinkirta sahur. Buɗa-baki kuma kada ya zama ramuwar gayya, kunu da ƙosai da soyayyen dankali da lemo a zama ɗaya.

Na ƙarshe na mutanen gida ne, don su ke tsaye a kai ranar da abu ya faru. In mai shan maganin suga ya fara rawar jiki, zufa, jiri, ko magana ba kan gado, a ɗauka sugansa ne ya faɗi. In yana iya haɗiya a ba shi suga cokali uku zuwa huɗu a ruwa, ko rabin kofin lemo mai zaƙi, a sake awo bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Wannan ne lokacin da suga ke zama magani, don haka ya riƙa yawo da alewa a aljihu. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nemi mota. In kuwa nauyi ne a ƙirji mai tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko haki da zufa ba dalili, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko harshe ya yi nauyi, ba a jira gari ya waye, ba a tsaya shafe-shafe da hayaƙi ba. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, a kwashi duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, a nufi sashen gaggawa na babban asibiti.